Kwatanta ragar sadarwar ƙwaƙwalwar masu sikila da ta masu lafiya: zare 212 sun bambanta, in yarda da su?

Ɗalibar Digiri, Maradi

Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa. Ina neman shawararku kan lissafin kundina, domin sakamako ya fito amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Hotunan IRM (na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton cikin jiki) na aikin ƙwaƙwalwa ne a hannuna, irin waɗanda ake ɗauka mutum yana kwance ba a sa shi yin komai ba, na matasa 46 masu shekara 13 zuwa 19. Daga ciki 24 masu sikila ne, dukkansu HbSS, wato masu jinin SS, 22 kuma masu lafiya ne da za a gwada da su. Na'ura ɗaya aka yi amfani da ita, mai ƙarfin tesla 1.5. Tana ɗaukar hoton kai guda duk daƙiƙa 2.5, hoto 180 ga kowane mutum, minti bakwai da rabi ke nan.

Na tsaftace hotunan da manhajar CONN, na raba ƙwaƙwalwa yanki 90 da taswirar AAL, na fitar da r ta Pearson, ma'aunin ƙarfin alaƙa, tsakanin kowane yanki biyu. Sai na ɗauki abin a matsayin raga: yanki shi ne ƙulli, alaƙar yanki biyu ita ce zare. Na yi gwajin t a kan kowane zare don kwatanta rukunin biyu, na samu zare 212 da p ɗinsu ke ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a ce bambanci ba dace ba ne. Daga nan na yanke duk zaren da r ɗinsa bai kai 0.3 ba, na auna ingancin raga, wato gajartar hanya daga ƙulli zuwa ƙulli. Na masu sikila ya fito ƙasa da na masu lafiya, p = 0.03.

Shin zan iya rubuta waɗannan zare 212 a matsayin bambanci tsakanin rukunin biyu? Raguwar ingancin ragar nan abin dogaro ce? In kuma akwai abin da na tsallake tun daga tushe, don Allah a faɗa mini yanzu kafin in kai wa malamin da ke duba aikina.

Malamin Ƙididdiga

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗauki biro ki yi wannan lissafin kafin komai. Yanki 90, kowanne da sauran 89, a raba biyu: zare 4005 ke nan, kuma gwaji 4005 kika yi. Ko da babu bambancin komai tsakanin yaran, biyar cikin ɗari na gwaje-gwajen za su faɗo ƙasa da 0.05, kusan 200 ke nan. Ke kuma kin samu 212. Abin da ya ƙara dagula lamarin, zaruruwan ba zaman kansu suke ba. In mutum uku a rukuni ɗaya suna da alaƙa mai ƙarfi a ko'ina cikin kansu, ɗaruruwan zare za su motsa tare, ki ga 40 yau, ki ga 600 in an sauya mutum biyu. Don haka yawan zaren da suka tsallake 0.05 ba ya faɗa miki komai. Kada ki rubuta su.

Kafin kowane gwaji ki mayar da r zuwa z ta Fisher, domin r a daure take tsakanin −1 da 1, tana kuma matsewa in ta kusa bakin iyaka. CONN yana ajiye jadawalinsa da z ɗin, amma in da hannu kika fitar da r sai ki duba.

Gyaran Bonferroni, wato raba 0.05 da yawan gwaji, zai sa ki nemi p ƙasa da 0.0000125, kuma da mutum 46 da wuya zare ɗaya ya tsallake. FDR ta Benjamini da Hochberg, mai ƙayyade kason sakamakon ƙarya, ta fi sassauci, tana kuma ba ki damar nuna zare da yatsa ki ce wannan ne, sai dai a ƙaramin rukuni sau da yawa hannu wofi ake tashi. Hanyar da ta fi dacewa da tambayarki ita ce NBS, wadda Zalesky da Fornito da Bullmore suka fitar a 2010. Tana ginuwa a kan tunanin cewa cuta ba ta taɓa zare ɗaya a keɓe, tana taɓa gungun zaruruwa masu haɗe da juna.

Ga yadda take tafiya. Ki tsara GLM, wato lissafin da ke auna tasirin abubuwa da yawa a tare, mai ginshiƙin rukuni, shekaru, jinsi da matsakaicin motsin kai. A fitar da t ga kowane zare. A sa shinge, a ce t = 3.1, a bar waɗanda suka haura shi kaɗai. A cikinsu a nemo waɗanda suka haɗu ta ƙulli suka zama gungu, a ƙirga zaren kowane gungu. Sannan a garwaya lakabin "mai sikila" da "mai lafiya" sau 5000, kowane karo a maimaita komai daga farko a ajiye girman gungu mafi girma. Kason garwayawar da ta ba da gungu mai girman naki ko fiye, shi ne p ɗinki. Ki gwada ɓangare biyu, inda masu sikila suka yi ƙasa da inda suka yi sama, kowanne a 0.025.

Wurare biyu ake yawan zamewa. Na farko, p ɗin na gungu ne baki ɗaya. In gungu mai zare 38 ya fito, abin da za ki iya cewa shi ne akwai bambanci a cikin wannan gungun. Ba ki da ikon ɗauko zare guda daga ciki, a ce tsakanin talamus da goshi, ki gina babin tattaunawa a kansa. Na biyu shi ne shingen. Ƙaramin shinge kamar 2.5 yana kamo bambanci mai rauni da ya bazu, babba kamar 3.5 yana kamo mai ƙarfi da ya taru wuri guda. Ki zaɓi naki ki rubuta shi a takarda kafin ki ga sakamako, sauran biyun ki nuna su a rataye. Wanda ya gwada shinge goma ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya koma gidan jiya.

Ni da za ki ji tawa, da kin rage tambayar tun farko. Taswirar Schaefer mai yanki 100 ta zo da kowane yanki an riga an jingina shi ga ɗaya daga cikin manyan raga bakwai na Yeo. Ki ɗauki matsakaicin z a cikin kowace raga, bakwai ke nan, da tsakanin kowace biyu, 21. Gwaji 28 maimakon 4005, kuma kowanne ya fi zare guda tsayuwa domin matsakaici ne. Ki kuma san ƙarfin rukuninki: 24 da 22 ba sa kama bambanci da tabbacin kashi 80 sai girmansa ya kai d (bambancin rukuni in an raba shi da yaɗuwar bayanai) kusan 0.85, a gwaji ɗaya tak. Matsakaicin bambanci na 0.5 yana son mutum 64 a kowane ɓangare. In ba ki samu komai ba, ki rubuta girman bambancin da tazarar amincewarsa, kada ki rubuta cewa babu bambanci.

Likitan Hoto

Malam ya gama da lissafi, amma ƙanwata, ba a nan gizo yake saƙar ba tukuna. Ba ki ce komai kan motsin kai ba, kuma shi ne farkon abin da duk mai duba aikinki zai tambaya.

Tun 2012 ƙungiyoyi uku, ta Power da ta Van Dijk da ta Satterthwaite, suka nuna cewa motsin da bai kai rabin milimita ba yana sauya jadawalin alaƙa ta hanya mai tsari: yana ƙara alaƙar yankunan da ke kusa da juna, yana rage ta masu nisa. Yaron da ƙugunsa ko bayansa ke ciwo ba zai kwanta shiru minti bakwai kamar ɗan'uwansa mai lafiya ba. In masu sikila sun fi motsi, za ki ga dogayen zaruruwa daga goshi zuwa ƙeya sun yi rauni, ingancin raga ya sauka, ki ɗauka cutar ce.

Ki fitar da FD ga kowane hoto. Jimlar gocewar kai ce daga hoto zuwa na gaba ta fuska shida, uku na matsawa uku na juyawa, ana mayar da juyawar milimita a kan ƙwallo mai nisan milimita 50 daga tsakiya. Ki kawo matsakaicinsa na kowane rukuni a jadawalin farko na kundin, kusa da shekaru da jinsi. Hoton da FD ɗinsa ya wuce 0.5 a cire shi. Masu tsanantawa suna sauka zuwa 0.2, amma da hoto 180 kacal wannan zai cinye miki bayanan. Duk wanda abin da ya rage masa bai kai minti biyar ba, hoto 120 a naki, a fitar da shi, kuma ki faɗi mutum nawa suka fita daga kowane rukuni. Wannan adadin yana da muhimmanci, domin sau da yawa waɗanda cutar ta fi tsananta gare su ne suke fita.

Bayan tsaftacewa ki gwada ko ta yi aiki. Ga kowane zare, ki auna alaƙar ƙarfinsa da matsakaicin FD a tsakanin mutum 46 ɗin. Lambobi 4005 za ki samu. In tsaftacewar ta yi kyau za su taru kusa da sifili, kuma in kin zana su a kan nisan yankuna ba za su yi gangare ba. CONN yana fitar da wannan zanen da kansa.

Akwai wani lissafi da mutane ba sa yi. Tacewar 0.01 zuwa 0.1 Hz a kan daƙiƙa 450 tana barin ki da abin da bai wuce awo 81 masu zaman kansu ba, wato 2 × 0.09 × 450. Ki cire ginshiƙan motsi 24 da na aCompCor (gurɓatar da ake ɗebowa daga farin nama da ruwan ƙwaƙwalwa) 10, kin dawo ƙasa da 50, ba a ma soma zubar da hotuna ba. Kowace r taki a kan wannan ɗan abin take tsaye, shi ya sa take rawa. Ginshiƙan motsi 12 sun ishe ki a nan. Tacewa da cire gurɓata kuma ko dai a yi su lokaci guda, ko a cire gurɓata kafin a tace. In an fara tace hoto sannan aka cire ginshiƙan da ba a tace ba, ana mayar da dattin da aka riga aka share.

Sannan ki buɗe hoton kowane mutum da idonki, ɗaya bayan ɗaya, taswira a kan hoton aiki. Ƙasan goshi da gaban sashen da ke gefen kai daidai kunne suna kusa da iskar hanci da ta kunne, sigina yana ɓacewa a can, kuma AAL tana da yankuna a daidai wuraren. Yankin da rabinsa duhu ne a wasu yara a cire shi ga kowa. Masu sikila kuma ɓargon ƙashin kansu yakan faɗaɗa saboda yawan ƙera jini, ƙoƙon kai ya yi kauri, manhajar ɓare ƙoƙo ta bar guntun ƙashi ko ta yanke gefen ƙwaƙwalwa. Ba ta yin ƙara in ta yi haka, sai mai dubawa ya gani.

Da motsi ya yi yawa, ni ina goyon bayan cire matsakaicin siginan ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Har yanzu yana cikin abubuwan da suka fi share tasirin motsi da numfashi.

Likitar Yara

Ƴata, ni ta fuskar jini zan shigo, domin sikila ba kamar sauran cututtukan da ake wannan bincike a kansu ba ce.

IRM ta aiki ba ta ganin ƙwayoyin jijiya suna aiki. Abin da take gani shi ne sauyin himoglobin da ya sauke iskar oksijin a cikin ƙananan jijiyoyin jini, daƙiƙa huɗu zuwa shida bayan aikin. Mai HbSS yana yawo da himoglobin 6 zuwa 9 a ranar da yake lafiya lau, takwaransa yana da 12 zuwa sama. Don ƙwaƙwalwarsa ta samu abin da take buƙata, jijiyoyinta sun riga sun buɗe, jini yana gudu da yawa ko yana hutawa, sauran damar buɗewa kaɗan ce. Ke nan ma'aunin da kike awo da shi ba iri ɗaya ba ne a rukunin biyu. Ƙwaƙwalwa biyu masu sadarwa iri ɗaya za su iya ba ki r daban saboda jininsu daban ne.

In akwai matsewar babbar jijiya a gefe ɗaya, jini yana isa can a makare. Ki lura da girman abin: kaɗawar sigina mai 0.1 Hz tana zagayowa duk daƙiƙa 10. Jinkirin daƙiƙa 2.5 rubu'in zagaye ne, kuma yankuna biyu masu kaɗawa iri ɗaya sak r ɗinsu zai faɗi sifili a wannan mitar. A 0.05 Hz zai sauka zuwa kusan 0.7. Sai a rubuta cewa dama da hagu sun daina magana, alhali bututu ne ya matse. Ki nemi sakamakon Doppler na kai, wato awon gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in an yi musu, musamman wanda gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa, da hoton jijiyoyi in an ɗauka. Akwai manhaja mai suna rapidtide da ke zana taswirar jinkiri daga hotunan da kike da su, ba sai an sake kwantar da kowa ba.

Ki kuma sa likitan hoto ya karanta FLAIR, hoton IRM mai nuna tabon ƙwaƙwalwa, na kowane yaro bai san rukuninsa ba. Kusan ɗaya cikin uku na masu HbSS suna da tabon mutuwar nama na ɓoye kafin su girma, wanda bai taɓa nuna alamar shanyewar jiki ba, galibi a farin sashen goshi da na saman kai. Masu tabo da marasa tabo ba rukuni ɗaya ba ne, ko da ba ki da yawan da za ki raba su. Aƙalla ki faɗi adadinsu, ki kuma rufe tabon da abin rufewa lokacin daidaita hoto da taswirar MNI, ƙwaƙwalwar misali da ake daidaita hoton kowa da ita, don kada ya ja naman da ke gefensa.

Ga abubuwan da ya kamata su shiga takardar kowane yaro: himoglobin na makon da aka ɗauki hoto, kwana nawa tun ƙarin jini na ƙarshe, kwana nawa tun tashin ciwo na ƙarshe, ko yana shan hidroksiyuriya, ko ya sha tramadol ko makamancinsa a ranar. Da watan da aka ɗauki hoton. Mu nan mun san yadda zazzaɓin cizon sauro ke cin jinin yara daga Agusta zuwa Oktoba. In an ɗauki masu sikila a ƙarshen damina, masu lafiya kuma da rani, an ƙara wani bambanci a kan wanda ake nema. Shayi da goro ma a tambaya, domin sinadarin da ke cikinsu yana matse jijiyoyin kai. Ga barci kuma: binciken Tagliazucchi da Laufs na 2014 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kwanciya a na'urar gyangyaɗi yana kama su cikin minti uku na farko, kuma mai ƙarancin jini ya fi saurin gajiya.

Tambaya ɗaya: masu lafiyar nan 22, su wane ne?

Ɗalibar Digiri, Maradi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Dokta, 14 daga cikin masu lafiyar ƴan'uwan marasa lafiyar ne uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne da nasa. Sauran 8 ba su da dangantaka da kowa, haka ma masu sikila 10. Na duba FD: matsakaicin masu sikila 0.21, na masu lafiya 0.13. Himoglobin na masu sikila daga 6.5 zuwa 9.2 yake, na masu lafiya daga 11.8 zuwa 14.6. Shin in sa himoglobin a cikin GLM tare da shekaru da motsi, matsalar jinin ta warware? Malam, ƴan'uwantakar nan tana shafar garwayawa?

Malamin Ƙididdiga

Tana shafa sosai. Garwayawa tana tsaye ne a kan sharaɗin cewa in babu bambanci, kowa zai iya zama a gurbin kowa. Ƴan uwa ɗaya uba ɗaya sun fi kama da juna a gado, da abinci, da unguwa, har da yadda ƙwaƙwalwarsu ke sadarwa. In kin garwaya su kamar baƙi, rarrabuwar da kike gwada sakamakonki da ita ta karkace, p ɗin ba daidai ba ne. Ɗaukar ƴan'uwa dabara ce mai kyau, sai dai lissafin ya san da su.

Ana yin haka da rukunin musanya. A gida 14 ɗin nan, lakabi yana sauya hannu tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa a cikin gida, ko gida sukutum ya musanya da gida. Mutum 18 da ba su da kowa su garwayu a tsakaninsu. PALM, manhajar garwayawa ta Winkler, yana karɓar irin wannan tsari mai hawa-hawa, zai kuma iya fitar miki da jerin garwayawar da ta halatta ki ɗora NBS a kai. Hanya mafi sauƙi ita ce ki yi gwaji na biyu da gida 14 kaɗai, ki ɗebe jadawalin mai lafiya daga na ɗan'uwansa, ki juya alamar bambancin. Hanyoyin juyawa 2 sau 2 har sau 14 ne, 16384, sun isa. Ki kuma sake tambayar iyaye a kan waɗancan 18 ɗin. Da yawan auren zumunci a wajenmu, waɗanda takarda ta ce baƙi ne kan fito ƴaƴan wa da ƙane. Ki tuna kuma, in iyaye biyu AS ne, ɗan da ba shi da cutar yana da damar biyu cikin uku ta zama AS. Ki rubuta nawa ne AS, nawa ne AA.

Himoglobin kuwa, a'a, bai warware ba. Mafi yawan jini a masu sikila 9.2, mafi ƙaranci a masu lafiya 11.8, babu inda suka haɗu. Ginshiƙin himoglobin da na rukuni kusan abu ɗaya suke faɗa. In kin sa su tare, tambayar da kike yi wa GLM ita ce yaya mai sikila da mai lafiya za su bambanta da jininsu ɗaya, kuma babu mutum ko guda a bayananki da zai amsa ta. Kuskuren awo zai kumbura, alamar bambancin ma za ta iya juyawa. Ki yi kwatancen rukuni ba tare da shi ba. Sannan a cikin masu sikila 24 kaɗai, ki duba ko matsakaicin z na gungun da ya fito yana bin himoglobin. A rubutu ki ce alaƙar siginan BOLD, wato siginan jinin da IRM ke gani, ce ta bambanta, ki bayyana cewa wannan tsarin ba ya raba tasirin jini da na jijiya.

Motsi daban ne, domin 0.21 da 0.13 matsakaita ne kuma tabbas akwai yaran da suka yi daidai. Shi ki bar shi a GLM, ki kuma maimaita gwajin bayan kin cire masu sikilar da suka fi motsi har rukunin biyu su yi kusa.

Injiniyan Sigina

Saura tambayarki ta biyu, Malama, ta ingancin raga, kuma amsar ita ce a yadda kika yi shi ba abin dogaro ba ne.

Shingen r = 0.3 yana barin kowane mutum da adadin zare daban. A ce mai lafiya ya tsira da 900, mai sikila da 650 saboda alaƙarsa ta ɗan yi ƙasa a ko'ina, ko don jini ko don motsi. Raga mai zare 650 dole hanyoyinta su fi tsawo, ko da saƙarta iri ɗaya ce da ɗayar. Abin da p = 0.03 ɗinki ya auna wataƙila yawan zare ne kawai. Ki ƙirga zaren kowane mutum yanzu, ki zana shi da ingancin raga, za ki ga kusan layi ɗaya suke bi.

Maganin da aka saba shi ne a bar wa kowa kaso ɗaya, a ce kashi 10 mafi ƙarfi, zare 400, kowane ƙulli da kusan tara. Wannan ma yana da nasa tarkon, van den Heuvel da abokansa sun nuna shi a 2017. Wanda alaƙarsa ke da rauni gaba ɗaya, don a cika masa 400 sai an sauka an kwaso zaruruwan da r ɗinsu ƙarama ce, waɗanda yawancinsu hayaniya ce. Zaren hayaniya yana faɗawa ko'ina, yana zama gajeriyar hanya tsakanin yankuna masu nisa, sai ingancin raga ya hau, cuɗanyar maƙwabta ta sauka. A rubuta cewa ragar marasa lafiya ta rasa tsari. Kin ga shinge na farko yana sa masu sikila su fito ƙasa, na biyu yana sa su fito sama, daga bayanai iri ɗaya.

Don haka gwajin farko shi ne matsakaicin z na dukkan zaruruwa ga kowane mutum, lamba ɗaya, a kwatanta rukunin biyu. In ya bambanta, wannan shi kansa sakamako ne, ki faɗe shi. Sannan ki auna ingancin raga daga kashi 10 zuwa 30, ana ƙara ɗaya-ɗaya, ki ɗauki faɗin da ke ƙarƙashin zanen ya zama lamba guda ga kowane mutum, ki gwada da garwayawa iri ɗaya da Malam ya faɗa, da matsakaicin z a GLM da kuma babu shi. Kada ki yi gwaji 21 ki nuna kason da ya yi kyau. Ƙasa da kashi 10 raga takan tsinke, wasu ƙulli su zauna su kaɗai, tsawon hanya ya zama mara iyaka. Zaruruwa masu r ƙasa da sifili ki mayar da su sifili ki faɗi haka, kada ki cire musu alama su shiga sahun masu ƙarfi. Ma'auni biyu ko uku da kika zaɓa tun farko sun isa. Brain Connectivity Toolbox yana da gommai, kuma yawancinsu abu ɗaya suke maimaitawa.

Likitan Hoto, a kan cire matsakaicin sigina ina da ja. Gaskiya ne yana share motsi, amma yana tura tsakiyar r ta kowane mutum zuwa sifili, ya haifar da alaƙa mai alamar ragi da lissafi ne ya kawo ta. In matsakaicin siginan kansa ya bambanta tsakanin rukunin, abin da ake tsammani ga masu ƙarancin jini, cire shi yana iya ɗauke bambanci daga inda yake ya watsa shi a yankunan da babu ruwansu.

Likitan Hoto

Injiniya, jan naka yana kan hanya, ban musa ba. Amma da FD 0.21 da 0.13, barinsa ma yana da farashi, kuma masu sikila da yawa suna da matsalar numfashi da ke shiga siginan kai tsaye. Ƙanwata, ga yadda za ki raba gardamar. Ki gudanar da tsaftacewa biyu, da cirewa da babu. Ki dubi zanen alaƙar FD da zaruruwa na kowacce, ba tare da kin buɗe sakamakon rukuni ba, wadda ta fi matsowa sifili ta zama babbar hanyarki, ɗayar ta tafi rataye. Ki auna girman kaɗawar matsakaicin siginan ga kowane yaro ki sa shi a jadawalin farko tare da FD da himoglobin. In gungun NBS ya fito a hanya ɗaya ya ɓace a ɗayar, ki rubuta hakan yadda yake.

Garwayawa 5000 a kan zare 4005 ba ta da nauyi, ƙaramar kwamfuta za ta gama cikin mintuna. Tsaftacewar ce mai cin sa'o'i, don haka ki riƙa ajiye na kowane mutum da zarar ya kammala saboda ɗaukewar wuta, ki kuma rubuta lambar da kika fara garwayawa da ita don malaminki ya iya maimaitawa ya samu p iri ɗaya. In kin fitar da zanen FD ɗin da adadin zaren kowane yaro a shingen 0.3, ki ɗora su nan mu duba tare.